Ƙarfen Dashe na Baban Zarah

Dagenham, London
Ranar Talata

Zuwa ga taubashina Almu, bawana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen maƙera baki ɗaya. Ya kunne? Na san amsar, shi ya sa ma nake wahalar da baiwar Allahn nan Awabu, maƙwabciyata 'yar Kumasi, ni ina faɗa tana rubutawa. In ta gama za ta ɗauki hoton takardar ta tura wayar Davou mai kemis na jikin maƙerarka, shi ya nuna maka. Da masaba ba ta cinye maka kunne ba, da ta waya zan zazzage maka komai in huta.

Ni lafiya lau, sai gwiwa. Sanyin garin nan cikin ƙashi yake kwana. Surukata Faridatu tana gaishe ka, tana nan tana aikinta na asibiti. Zarah ta shiga makaranta, in na yi mata Hausa sai ta kwararo min Turanci kamar an kunna rediyo.

To Almu, ba gaisuwa ce ta sa na zaunar da Awabu ba. Maganar Baban Zarah ce. Ka san ɗan fari ne, ba na kama sunansa, kuma ba don na zo London zan fara ba. Ya gaishe ni daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri, haka muke tun yana yaro. In ina da magana Faridatu nake ba wa ta kai masa. Amma wannan ba maganar aike ba ce.

A bayan gidan akwai wani ɗan ɗakin katako, shed suke ce masa. Tun da na zo a kulle yake. Na ɗauka kayan aikinsa ne na gyaran lifta, injin hawa bene, a ciki. Ran Lahadi ina shanya sai na ji wani sauti, sir, sir, sir, irin na magagari in ya hau ƙarfe. Ni 'yar maƙera ce, ƙafata ce ta kai ni. Na leƙa ta taga.

Harsashi yake yi, Almu.

Ga ƙwanso nan na tagulla a jere cikin wani katako mai ramuka kamar na dara. Ga wani inji mai hannu kamar famfon burtsatse. A samansa an ɗaura wani ƙarfe, kaurin babban yatsanka, jikinsa duk zare irin na noti. Shi ne ke danna kan harsashin ya zauna a cikin ƙwanso. Ya faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba, ni ƙarfen dashe nake ce masa. Ya zare wani siririn abu daga cikinsa yana goge bakinsa a hankali, ya ɗaga a fitila, ya sake gogewa. Kai a sunkuye, harshe a gefen baki. Wallahi sak Baba.

Da ya ɗago ya gan ni bai ɓoye komai ba. Ya shiga bayani yana kallon tebur, ni ina kallon katanga. Wai yana da lasin, 'yan sanda da kansu sun zo sun duba akwatin ƙarfen da yake kulle bindiga. Wai ƙungiya gare su, club, a bayan gari, takarda suke harbi daga nesa, babu mai rai a ciki. Wai harsashin kanti ba ya tafiya daidai, shi ya sa yake haɗa nasa. Siririn abin nan kuma cizon hancin harsashin yake yi yana bar masa zobe, shi ne yake gyara masa baki ya dace. Ya ɗauko wani guda da ya gama, marar albarushi, ya tsayar a kan taga, wai da shi yake gwada sauran.

Na dawo na zauna.

Kai kana wurin ranar Yaya Ɗanlami, ni kuma ina 'yar yarinya, na kawo wa Baba fura. Bindigar wani maharbi ce aka gyara, Yaya ya fita bayan maƙera zai gwada. Ƙarar ba irin wadda muka saba ji ba ce. Abin da na riƙe shi ne Baba yana kwance rawaninsa yana naɗe hannun Yaya, rawanin na rinewa. Sai Inna. Shi ma ɗan farinta ne ai. Tana tsaye a bakin zaure, ba ta matso ba, ba ta yi kuka ba, bakin mayafinta kawai take taunawa har ya yage. Har Yaya ya bar duniya da hagu yake cin tuwo.

Tun ran Lahadi in na rufe ido rawanin nan nake gani. Ga kuma ɗaya tsoron: baƙar fata, mai sallah, yana haɗa harsashi a bayan gida a garin nan. Amma wannan ya ce yana da takarda. Hannun ne ba shi da takarda.

Kai ka yi bindiga da Baba. Ka faɗa min gaskiya, abin nan yana fashewa?

Uwar ɗakinka,
Karimatu

Malam Almu, ni ne Awabu. Hajiya ya hana in rubuta sunan ɗanshi, amma ni ba ni na haife shi ba, sunanshi Nuruddeen. Hajiya bai ci abinci ba yau, ka yi mashi magana.

*

Bukuru
Ranar Jumma'a

Zuwa ga Karimatu, mai kiran kanta uwar ɗakina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Davou ya buɗe min ita a waya ya riƙa ja min da yatsa har na karanta tas. Muna lafiya. Kunne yana nan yadda kika san shi, ya hutar da ni daga faɗan matan gida. Ruwa ya sauka sosai bana, aikin fartanya ya yi mana yawa, sai kuma gyaran injin niƙa. A gaishe min da Awabu, Allah ya saka mata. A gaishe da Faridatu da amaryata Zarah, ki ce mata angonta na nan yana tara haƙora.

Wace irin uwar ɗaki ce za ta hau jirgi ta bar bawanta cikin gawayi, sai tsoro ya kama ta sannan ta tuna da shi? To na ji.

Da na zo wurin da kika ce harshensa a gefen baki sai da na yi dariya har Davou ya tambaye ni lafiya. An kai yaro makarantar boko, an kai shi London, a ƙarshe ya gina wa kansa maƙera a bayan gida. Jinin Kawu ne, me kike so ya yi da shi?

Maganar fashewa kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, duk abin da aka ɗura wa albarushi yana iya fashewa. Amma mutumin da zai zauna yana goge bakin ƙarfe don wani ɗan zobe da ido ma da ƙyar yake gani, ba irinsa ba ne abin ke ci. Masu gaggawa yake ci. Ni rabona da bindiga tun da hukuma ta hana mu, kuma ta Turawa ban taɓa buɗe cikinta ba, amma na san hannun mai natsuwa ko a takarda aka kwatanta min shi.

Kin tuna min da Inna. Ke kina ƙarama, watakila ba ki lura ba. Bayan abin da ya sami Yaya Ɗanlami, duk Cika-ciki sai ta karɓo rubutu wurin Malam, ta jira mu fita, ta shiga maƙera ta wanke uwar maƙera da masaba da awartaki da shi, ta goge, ta shafe su da man kaɗe. Cewa take yi kada ƙarfe ya sake shan jinin gidan nan. Kawu ya san tana yi, bai taɓa magana ba, sai dai ya shinshina masaba ya yi murmushi. Kuma ikon Allah, daga nan ba wanda ya sake jin ciwo a maƙerar nan ya wuce ƙuna. Da tana raye da ta san abin yi. Allah ya jiƙan ta.

Ki ci abinci. Ki yi wa yaron addu'a. In kin rame wa zai ba ni kayan London?

Naki, wanda ba bawan kowa ba,
Almu

*

Dagenham
Ranar Litinin

Almu,

Ina gaisuwa, ina gaishe da kowa. Na ci abinci, Awabu shaida ce. Gwiwa da sauƙi.

Allah ya yi maka albarka, ko da yake bawa ne kai. Ina jin maganar Inna na ce to ga abin yi. Na sa Awabu ta karɓo min rubutu wurin wani malaminsu a Edmonton, cikin gorar ruwa, baƙi ƙirin, mai kyau. Man kaɗe kuwa ina da shi, wanda nake shafa wa gwiwa.

Makullin shed yana cikin gwangwanin shayi a saman firij, na daɗe da gani. Yau da safe duk suka fita, na ɗauka. Gabana na faɗuwa kamar mai shiga ɗakin wani, amma na ce ai Inna ma jira take ku fita.

Albarushi da harsasai duk a kulle suke, ban ma nemi inda suke ba. Injin na goge shi da tsumma mai ɗan rubutu. Sai na zo kan ƙarfen dashe, don shi ne mai taɓa harsashin, shi ne masabar gidan. A samansa akwai wani kai mai juyawa, da ɗan noti da ya riƙe shi. Na sa filaya na sassauta notin, na warware kan, siririn abin nan ya fito. Na wanke shi da bismillah, na busar da shi sarai da gefen zanena don kada ya yi tsatsa, na shafa mai kaɗan, na goge. Yana ƙyalli.

Ka ga yaran yanzu, Almu. Duk natsuwar nan da kake yabo, ashe bai ma ɗaure kan ya kai ƙarshe ba, rabin zaren a waje yake. Da Baba ne da ya sha faɗa. Na mai da shi wajen inda na same shi, na ɗan ƙara masa juyi har na ji ya zauna a hannuna, sannan na ɗaure notin tam. Ba wanda zai ce an taɓa. Na mai da makulli cikin gwangwani.

Da rana na yi barci, irin wanda rabona da shi tun ran da na leƙa tagar nan.

Faridatu za ta tafi Manchester jibi da Zarah, ƙanwarta ta haihu, sai bayan suna za su dawo. Daga ni sai shi a gidan. Ka taya ni addu'a, ban san yadda za mu yi da maganar cefane ba.

Karimatu

*

Dagenham
Ranar Alhamis

Almu,

Lafiya kuwa? Awabu ta ce takardata ta tafi amma ba a buɗe ba. Ko kemis ɗin a rufe yake? Ko jikinka ne? Ina gaisuwa dai.

Ba na jin daɗin raina. Ran Asabar suna da gasa a club ɗin nasu. Jiya ya dawo aiki a gajiye, ko zama bai yi ba ya wuce shed. Ina jin hannun injin, ƙwas, ƙwas, ƙwas, da sauri, ba irin na ran nan ba da yake yi yana tsayawa yana awo. Na fita kamar zan kwashe shanya. Na leƙa.

Ya cika akwati guda. Kuma wannan na gwajin yana nan tsaye a kan taga inda ya bar shi. Almu, na dubi na taga, na dubi na akwatin. A idona na akwatin sun fi gajarta. Ba da yawa ba. Kamar yaro in ya ji sanyi ya ɗaga kafaɗa wuyansa ya shige. Na goge ido na sake dubawa, sai na ga kamar daidai suke. Na sake dubawa, na ga ba daidai ba. Ya rufe akwatin ya kulle.

Watakila tsufa ne. Watakila haka ake yin na gasa. Amma tun jiya nake tuna juyin nan da na ƙara. Shi ne fa yake danna kan harsashin. In na ƙara masa, ba ƙara dannawa zai yi ba? In kuma ya ƙara, sai me? Gajere da dogo ba duk harsashi ba ne?

Na yi niyyar magana. Na kai masa tuwo, na tsaya a bakin falo da kwano a hannu. Ya ce, “Hajiya, akwai wani abu ne?” Yana kallon ƙasa. Ta ina zan fara? In ce na ɗauki makullinka, na shiga ɗakinka, na taɓa kayanka? Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka yaye shi aka kai shi wurin Goggo? Sai na ji bakina ya ce, “Miyar ta ji gishiri?” Ya ce ta ji.

Na ce Awabu ta faɗa masa, ta ce sai mun tabbatar, kada ta je ta tona ni a banza ya daina sakin jiki da ni a gidansa. Ita ma tana da gaskiya.

Don Allah ka amsa. In ka ce ba komai, ba komai ne. Kai kaɗai zan yarda da shi.

Karimatu

*

Bukuru
Asabar da safe

Karimatu,

Ba gaisuwa. Davou ya tafi ƙauyensu jana'iza da wayar, yanzu ya buɗe shago na ga takardunki biyu tare. A tsaye nake rubutawa.

Labari na ba ki, ba aiki na sa ki ba. Inna uwar maƙera take wankewa da masaba, abubuwan da ba su da awo a jikinsu. Ba ta taɓa warware komai ba.

Zaren da kika gani a waje ba sakaci ba ne, shi ne awon. Ko injin niƙa, rabin juyi ke raba gari da tsaki. Ban san bindigar Turawa ba, amma na san albarushi: in ka matse shi ya wuce inda aka auna masa, ta inda ya ga dama yake fita.

Kin riƙe rawanin Kawu, ba ki san abin da ya jawo ba. Sandar ɗurin Kawu tana da tsaga a jiki, in ta zo daidai bakin bindiga sai a tsaya. Ranar nan Yaya Ɗanlami ya yi ta dakawa har tsagar ta nutse. Inna tana bakin zaure, ta gani, matar maƙeri ce, ta san tsagar. Na ga ta buɗe baki. Sai ta juya tana neman wanda za ta aika. Ni ta samu, ta ce in ruga in ce wa wancan ya dakata. Ban kai ba.

Idonki bai tsufa ba. Kada ya harba ko guda. Kada ki nemi ɗan aike.

Almu

*

Dagenham
Ranar Talata

Zuwa ga Almu,

Assalamu alaikum. Bari in fara da abin da kake jira: yatsunsa goma suna nan, idonsa biyu suna nan. Na san Awabu ta tura wa Davou labarin tun ran Asabar, amma gara ka ji daga bakina. Sai yau na iya zama in faɗa. Ina gaishe da kowa. Ka ce wa Davou Allah ya ba su haƙuri.

Takardarka ta shigo ya riga ya fita. Awabu ta shigo min da waya a hannu ko ɗankwali babu, tana karantawa tana tsallake layi. Da ta zo wurin Inna na ce ta tsaya. Na ce kira shi. Ta kira, waya a kashe. Ta sake kira, a kashe. Wai haka suke yi in sun shiga filin. Ta kira Faridatu a Manchester, ita ta turo mana kwatancen wurin. Mijin Awabu, Sualihu, motar haya yake ja, minicab, ya dawo aiki ke nan yana shan koko, ta ƙwace kofin ta ce tashi.

Ban san London tana ƙarewa ba sai ranar. Gidaje suka ƙare, sai gonaki da tumaki. Sualihu yana gudu yana cewa, “Hajiya, ka yi salati, za mu kai.” Ni ba salatin da ban yi ba. Duk inda muka tsaya a danja sai in ga rawanin nan. Na ce a raina, yanzu haka an riga an yi, ana can ana naɗe masa hannu, ni ina nan ina kallon tumaki. Na ce ni na yi, da man gwiwata.

Tun kafin mu tsaya na fara jin ƙarar. Duk wadda ta tashi sai in kasa kunne in ji ko irin ta ranar Yaya ce.

Fili ne mai tsawo, an kakkafa jajayen tutoci. Maza sun kwanta rub da ciki a jere, kowa da bindigarsa da abin toshe kunne. Akwai igiya da aka gitta, da wata Baturiya mai furfura, Janet, ita ce mai kula da filin. Ta tare mu ta ce ba a wucewa. Awabu ta shiga yi mata bayani da Turanci, matar tana cewa a hankali, a hankali, wane ne, me ya faru.

Ni kuwa na riga na hango shi. Na san bayansa. Na ga ya jawo akwatin nan kusa da shi, ya buɗe, ya zaro guda ya sa. Ya kwantar da kumatunsa a jikin bindigar, Almu. Ashe a nan suke sa fuska, dab da wurin. Ni hannu nake ta tsoro, ashe ido ne a kusa.

Na waiga in ce wa Awabu ta yi masa magana. Wallahi sai da na waiga. Tana can tana fama da Baturiya. Sai na ji bakin mayafina a cikin haƙorana, ban san lokacin da na sa ba.

Na tofar da shi na kira shi da sunansa.

Ban san ina da murya haka ba. Wai abin kunnen nasu yana tare ƙarar bindiga amma yana barin maganar mutum. Ya ɗago kai kamar an watsa masa ruwa. Ya waigo. Janet ta daka tsawa, duk filin aka tsaya, aka ajiye bindigogi, Turawa suka juyo suna kallon tsohuwa da silifas cikin ciyawa.

Ya taso ya zo. Na faɗa masa komai, makulli, rubutu, man kaɗe, juyin da na ƙara. Ina kallon fuskarsa na faɗa, ban san yana da furfura a gemu ba sai ranar. Ya koma ya zare harsashin, ya ɗauko abin awonsa daga jaka ya gwada. Ya ɗauki wani ya gwada. Ya miƙa wa Janet ta duba. Matar ta dubi abin, ta dube ni, ta cire gilashinta. Ashe duk harbin da ya yi tun safe da ragowar na watan jiya yake yi, wannan ne na farko daga sabon akwatin.

Na sa Awabu ta tambaye shi da me zai faru. Ya ce bai sani ba. Ya ce watakila ba komai, bindigar ta cije kawai. Watakila kuma ba haka ba. Ya ce laifinsa ne, ƙa'ida ita ce a auna na farko kowane lokaci, shi kuma ya yarda da notin da ya ɗaure da hannunsa.

A motarsa na dawo, ni a baya. Sai da gidaje suka fara bayyana ya ce, yana kallon titi, “Ashe Hajiya ta san sunan.”

Na ce, “Awabu ce ta faɗa min a hanya.”

Ya yi dariya har sai da ya gangara gefen titi ya tsaya. Daga baya na ga ba dariya ba ce kaɗai. Na juya ina kallon taga har ya gama.

Ran Lahadi ya wuni a shed yana warware harsasan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya canza wa makulli wuri, kuma ban nema ba. Jiya ya aiko Zarah, sun dawo, wai a ce wa Hajiya in Cika-ciki ta zo shi zai warware ƙarfen da kansa, ta wanke, shi ya mayar. Na ce a ce masa na ji.

Kada ka ɗauka tsoron ya tafi. Asabar mai zuwa ma zai je, kuma yanzu na san inda yake sa fuskarsa. Zan zauna kusa da waya har in ji motarsa.

Inna nake ta tunani. Duk shekarun nan ina ganin ƙarfin hali ne ya tsayar da ita a bakin zaure. In ka je maƙabarta ka yi mata addu'a a madadina, ka daɗe a wurin.

Awabu ta dame ni, wai tunda na faɗi sunan a gaban Turawa in faɗa ta rubuta maka da bakina. Na ce ta rubuta Baban Zarah. Sau ɗaya na kira, kuma ya ji. Da ka ɗan juyo da kunnen nan naka wajen London, da kai ma ka ji daga Bukuru.

Uwar ɗakinka,
Karimatu